Gwajin jini don gano ciwon daji: mu fara da masu ciwon hanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, ya kuma taɓa gidanmu. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a nan Gombe, na haura shekara 20 ina ɗibar jinin mutane ina aunawa. Akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a wayoyin jama'a, wai Turawa sun gano gwajin jini da ke nuna ciwon daji shekara 7 kafin ya bayyana. Tun daga lokacin da wuya a yi mako wani bai tare ni ba, a ƙofar masallaci ko wajen ɗaurin aure, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wai nawa ake yin gwajin nan na kansa?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na zauna na rubuto ta.

Yayana, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar Tudun Hatsi ne, gyaɗa da masara yake saye da sayarwa. Tun ina yaro nake kallon yadda yake duba kaya. Ba ya kwance buhu. Wani ƙarfe gare shi mai tsini da rami a ciki, sai ya soka a jikin buhun, tsaba kaɗan ta zubo a tafin hannunsa, ya murza, ya shinshina, ya ɗan tauna, ya ce wannan ta bushe, wannan da sauran danshi, waccan an cakuɗa ta da ta bara. Amma in kayan na kuɗi mai yawa ne ba ya yarda da suka ɗaya. Sai ya soka sama, ya soka gindi, in har zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sa a zazzage buhun a ƙasa kowa ya gani.

Aikina da nasa kusan ɗaya ne. In mun ɗebi jini a kwalba muka sa a injin da ke wulwula shi na kamar minti 10, jajayen ƙwayoyin sai su kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. A cikin ruwan nan akwai furotin iri-iri, dubbai, waɗanda sassan jiki ke sakowa cikin jini. Idan wani wuri a jiki ya fara tsiro marar kan gado, wanda shi ne ciwon daji, wani lokaci yakan saki wani furotin fiye da kima, ko ya dawo da wanda jiki ya bar yi tun tuni. Shi muke farauta. Farautar kuwa tsohuwa ce, don tun a 1847 wani likita a Landan, Henry Bence Jones, ya yi bayanin wani furotin da ya gani a fitsarin mai ciwon daji na ɓargo, har yau kuma da sunansa ake kiran furotin ɗin.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda muke kira AFP. Hantar ɗan tayi ce ke yin sa tun yana ciki. Da an haihu sai ya yi ta raguwa, kafin yaro ya shekara ya kusa ɓacewa. A 1963 wani masani a Mosko, Garri Abelev, ya ga furotin ɗin ya dawo a jinin ɓerayen da ke da ƙari a hanta, a shekarar da ta biyo baya kuma Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutanen da ke da ciwon daji na hanta. Wato hantar da ta kamu takan koma yin abin da ta yi tun mai ita bai zo duniya ba. A jinin baligi mai lafiya da wuya ya wuce 10 a ma'aunin da muke aiki da shi. In ya haura 400, ga kuma ƙari ya fito a hoton hanta, to likita ya san inda aka dosa.

Shekara 8 kafin rasuwar yayana, matarsa ta zo haihuwa da tangarɗa, aka ce a kawo jini. Ni a lokacin aiki ya kai ni wani gari. Yayana ya miƙa hannu aka ɗiba aka gwada, can sai aka leƙo ta taga aka ce, "Alhaji, jininka bai yi ba, nemo wani." Iyakar abin da aka faɗa masa ke nan. Ya ɗauka rukunin jininsa ne bai dace da nata ba, ya kira yaron shagonsa ya bayar, aka sallami maijego lafiya, aka yi suna, aka manta. Bai taɓa ba ni labarin ba sai da yana kwance, da na tambaye shi ko an taɓa ce masa wani abu game da jininsa. Rukuninsu ɗaya da matarsa, ni na auna su da hannuna. Abin da aka gani a ranar ƙwayar cutar hanta ce nau'in B, ba a kuma sami wanda zai zaunar da shi na minti 5 ya gaya masa me take nufi ba.

Ciwon ya fara da nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, sai ƙin abinci, sai rama. Mutumin da ke tashi da kwanon tuwo shi kaɗai ya koma loma uku ya ture. Hannaye na ƙanƙancewa, ciki na tasowa. Ya sha maganin olsa, ya sha na taifot, ya sha jiƙe-jiƙen shawara. Wasu suka ce jifa ne daga abokan kasuwa, wasu suka ce in daji ne kada a bari allura ta taɓa shi, don wai daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta daji da allura ta kashe mana mutane ba adadi, ina roƙon duk wanda ya karanta wasiƙar nan ya daina yaɗa ta. Ranar da ya yarda na ɗebi jininsa, idanunsa sun riga sun rine. Da na ciro kwalbar daga injin, ruwan da ya taso ba launin ɗorawa ba ne, ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta. Na sa a na'ura don in auna AFP, ta ƙi ba da lamba, ta nuna abin ya wuce iyakar da take iya karantawa. Sai da na sirka, na sake sirkawa, sannan lambar ta fito, dubbai. Na ninke takardar na sa a aljihu, na fi awa ɗaya a zaune kafin in iya hawa babur. Hoto ya nuna ƙari ya mamaye hantar ta ko'ina. Bai cika wata 3 ba Allah ya karɓi abinsa, yana da shekara 46, ya bar 'ya'ya 7.

Kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da haka. Amma an umarce mu da neman magani, kuma gwajin da na yi masa ihu ne bayan hari. Da tun ranar da aka ce jininsa bai yi ba an tura shi wajen likitan hanta, da an duba ko yana buƙatar maganin tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana da ke danne ƙwayar cutar, da kuma an sa shi a tsarin awon AFP da hoton ciki duk wata 6. Wannan tsari ba shaci-faɗi ba ne. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bi mutum kusan 19,000 masu cutar hanta, aka raba su biyu, rabi ana yi musu awon duk wata 6, rabi ba a yi. Sakamakon da aka fitar a 2004 ya nuna mutuwa daga ciwon daji na hanta ta ragu da kashi 37 cikin 100 a ɓangaren da ake aunawa. Dalilin a fili yake: ƙarin da aka kama yana ƙarami kamar ƙwallon goruba ko ƙasa da haka ana iya yanke shi ko a ƙone shi, wanda ya bazu kuwa sai dai a rage wa mutum raɗaɗi. Kuɗin awon da hoton a haɗe bai kai na buhun masara ɗaya daga cikin ɗaruruwan da suka bi ta hannun yayana ba.

Irinsa kuma suna da yawa. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. A sahu ɗaya na sallar Juma'a ka ƙirga ka gani. Akasarinsu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko cirar beli ko tsaga da ita ba a tafasa ba. Jaririn da ya ɗauka a lokacin haihuwa, 9 cikin 10 cutar zama take yi a jikinsa har girma, shiru, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Shi ya sa a ƙasashenmu ciwon daji na hanta ke kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, cikin shekarunsa na 30 da 40, a lokacin da a Turai ciwon dattawa ne. Ga kuma wani abin da ya haɗu da sana'ar gidanmu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi kan yi funfuna mai fitar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960. Gubar nan in ta tarar da ƙwayar cutar B a hanta, haɗarin ninkawa yake yi sau da yawa. Mun san inda gyaɗar da aka tsince a matsayin marar kyau take ƙarewa, a ƙuli-ƙuli da man da talaka ke saye. Ina tuna yadda yayana ke tauna tsaba daga kowane buhu shekara da shekaru, in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

To amma, Malam Edita, akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ya sa ba na gaggawar amsa wa masu tambayata farashi. Shi kansa AFP ɗin yana da giɓi. Kusan ɗaya cikin 3 na masu ciwon daji na hanta jininsu ba ya nuna shi, shi ya sa ba a raba shi da hoto. Yana kuma hawa a jinin mai juna biyu, da wanda hantarsa ta yi kumburi ba tare da daji ba. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, in lamba ta hau akwai dalili, sai dai dalilin ba lallai ya zama daji ba.

Bara wata malamar makaranta, 'yar uwar maiɗakina, ta zo gidanmu bayan magariba da takarda a hannu, idanunta sun kumbura. Wani ɗakin gwaji ne ya tallata mata abin da suka kira cikakken gwajin kansa, ta biya kuɗi masu yawa, ba likitan da ya tura ta. A cikin jerin akwai CA-125, furotin da wani likita a Amurka, Robert Bast, ya gano a 1981, wanda ke hawa a ciwon daji na gidan ƙwan mace. Iyakarsa 35, nata ya haura, aka ja masa jan layi aka miƙa mata aka ce ta je. Kwana 4 ba ta runtsa ba, har ta fara gaya wa ƙanwarta wanda za a bai wa riƙon autarta. Na tambaye ta ranar da aka ɗebi jinin, ashe tana cikin al'ada. Likitar mata ta yi mata hoto ta ga ƙarin mahaifa ne irin wanda mata da yawa ke da shi, wanda ba daji ba. Al'ada, ciki, wannan ƙarin, tarin fuka da ya sauka a ciki, ruwa a ciki, duk suna ɗaga CA-125. A Birtaniya an bi mata sama da 200,000 shekara da shekaru don a ga ko yi wa masu lafiya wannan awo zai rage mutuwa, sakamakon ƙarshe da ya fito a 2021 ya nuna bai rage ba. Inda awon ke da amfani sosai shi ne wajen matar da likita ke zargin ciwon a jikinta, ko wadda ake yi wa magani ana son a ga ko yana ci. Sayar wa mace mai lafiya shi ba tare da bayani ba, cin kuɗinta ne da sayar mata da fargaba, kuma abokan sana'ata da ke yin haka su ji tsoron Allah.

Haka wani furotin da ake kira PSA yake ga iyayenmu maza. Daga furostet yake fitowa, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. In ya wuce 4 akan fara bincike, amma girman furostet na tsufa yana ɗaga shi, ciwon sanyin fitsari yana ɗaga shi, sa robar fitsari ma haka. Duk da haka baƙar fata sun fi kowa haɗarin wannan ciwon, saboda haka namijin da ya kai 45 zuwa 50 ya kamata ya tattauna da likita a kansa, musamman in mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi. A duk waɗannan, hukunci na ƙarshe sai an gutsuro ɗan nama daga wurin an duba a madubin likita. Zazzage buhun ke nan.

Shi kuma labarin shekara 7 da ke yawo yana da tushe. A 2024 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Birtaniya sun auna furotin kusan 1,500 a jinin mutum sama da 44,000, suka sami guda 618 da ke da alaƙa da ciwon daji iri 19, daga ciki 107 sun nuna a jinin da aka ɗiba fiye da shekara 7 kafin a gano ciwon. Kafin su, a 2018, masana a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun haɗa furotin 8 da ɓurɓushin ƙwayoyin halitta da ƙari ke zubarwa a jini, suka gwada a kan mutum 1,005 da aka riga aka san suna da ciwon. Gwajin ya kama kusan kashi 70 cikin 100, amma a waɗanda ciwonsu ke matakin farko, inda aka fi buƙatarsa, kimanin kashi 40 kawai ya kama. Cikin masu lafiya 812 kuma ya yi wa 7 ƙararrawar banza. Aiki ne mai kyau, ina kuma yi masa fatan alheri da zuciya ɗaya. Sai dai alaƙar da aka gani a taron mutane dubbai daban take da gwajin da zai gaya wa mutum ɗaya makomarsa. Duk wanda ya ce maka yana da gwajin shekara 7 a shagonsa a Gombe ko Bauchi yau, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken Oxford shi ne inda suka samo jinin. Daga 2006 zuwa 2010 Birtaniya ta ɗebi jinin mutum rabin miliyan da yardarsu, ta adana a cikin sanyi, ta ci gaba da bin lafiyarsu. Da wasu suka kamu da ciwon daga baya sai aka koma aka buɗe jininsu na baya aka duba. Rumbu suka yi, irin wanda manomi ke yi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen kuwa Turawa ne, waɗanda ba su tashi da maleriya da tsutsar ciki da cutar hanta da gyaɗa mai funfuna ba, alhali duk waɗannan suna taɓa furotin ɗin da ke jini. Ma'aunin da aka yanka a jikin Bature sai an gwada shi a jikin mutumin Dukku da Kumo da Azare kafin a ce ya yi masa daidai. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ga tsangayar likitanci a Jami'ar Jihar Gombe, ga cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa a Abuja. Ina kira gare su su haɗa kai su fara namu rumbun, su fara da masu cutar hanta nau'in B, tun da su ne za su riƙa dawowa awo duk wata 6. Abin da ake buƙata firiji ne mai tsananin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, da littafin rajista mai kyau. Maganar wuta ba ƙarama ba ce. Sinadaran da muke awo da su in suka sha zafin watan Afrilu na dare ɗaya sun lalace, lambar da za su bayar kuma ba abin dogaro ba ce. Sannan a bi ta hannun malamai da sarakuna, a yi wa mutane bayani da harshensu, kada a ɗebi ɗigon jinin kowa sai da saninsa da yardarsa.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya buƙatar ko kwabo. Duk ɗakin karɓar jini da ya mayar da mutum saboda cutar hanta, ya zaunar da shi a keɓe ya gaya masa dalili, ya rubuta masa takardar ganin likita, ya ce ya kawo matarsa da 'ya'yansa a gwada su. Haka a ɗakin awon ciki, haka a gwajin kafin aure, inda ake gano mutane da yawa sannan a bar su da kunya da rabuwar aure maimakon a nuna musu hanya. Allurar rigakafin cutar tana cikin jerin na yara a Najeriya tun 2004, kyauta ce, amma ta farko a cikin awa 24 da haihuwa ake son ta, mu kuwa da yawa a gida ake haihuwa, ba a fita da jariri sai bayan suna. Ungozoma da kakanni mata su ne za su iya gyara wannan, wanzamai kuma su rungumi reza sabuwa ga kowane yaro.

Bayan sadakar arba'in na tara 'ya'yan yayana a zaure na ɗebi jininsu ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin manyan suna ɗauke da ƙwayar cutar, sauran da ba su kammala rigakafi ba aka yi musu. Babban, wanda yanzu shi ke riƙe da shagon da ƙarfen sukar buhun mahaifinsa, likita ya ɗora shi a kan magani. Na hana shi tauna gyaɗar da ya ga ta canza launi, na sa ya daina sayar da tsintacciya ga masu ƙuli. Ranar awonsu a rubuce take a bangon littafin aikina. In ta zo ba na aike, da kaina nake zuwa Tudun Hatsi in ce, "Ɗana, rufe shagon, hau mu je." Sau 5 ke nan muna yi, lambar AFP ɗinsa ba ta taɓa wuce 10 ba, hoton hantarsa kuma fes. Na shida zai kama mako biyu bayan Babbar Sallah, in Allah ya kai mu.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga unguwar Jekadafari, Gombe.